Salsalar Sitiyari: Daga Fangio Zuwa Hanyar Damari

Ranar 6 ga Yuli, 1958, a garin Reims na ƙasar Faransa, Juan Manuel Fangio ɗan Ajantina ya shiga tserensa na ƙarshe a gasar Formula 1 yana da shekara 47, da kambun duniya biyar a hannunsa. Ya zo na huɗu, ya fito daga mota, bai sake komawa ba. Cikin motocin da suka tashi tare da shi ran nan akwai ta wani ɗan Ingila, Graham Hill, wanda a shekarar ya fara gasar, motarsa ma ba ta kai ƙarshe ba. Akwai kuma ta Luigi Musso, direban Ferrari, wanda motar ta ƙwace masa a wata kwana da mugun gudu, ya cika a asibiti kafin gari ya waye.

Daga wannan rana ana iya jan zare har zuwa yau ba tare da ya tsinke ba. Fangio yana cikin waɗanda suka buɗe gasar a Silverstone a 1950. Hill ya daɗe har 1975, ya yi tsere da Niki Lauda ɗan Ostiriya, wanda ya fara a 1971. Lauda ya kai 1985, ya zauna kamfani ɗaya da Alain Prost na Faransa, har ya ƙwace masa kambun 1984 da rabin maki. Prost ya kai 1993, ya gwabza da Michael Schumacher na Jamus. Schumacher ya kai 2012, kuma Fernando Alonso ɗan Sifaniya ne ya sauke shi daga karaga a 2005. Shi kuwa Alonso, da ya fara a watan Maris na 2001, ya tarar da kansa a 2025 yana tsere da Kimi Antonelli, yaron da aka haifa a 2006, bayan Alonso ya riga ya ɗauki kambunsa na farko. Mutum shida ke nan suka ɗauko gasar daga 1950 suka kawo ta hannun yaran yau. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san irin wannan lissafi: wane ya ɗauka daga wane, shi kuma daga wane, har salsala ta kai ga mai littafi. Ko can ma, malamin da Allah ya ja zamaninsa shi ke gajarta salsala, domin shi ne jikoki ke riska da rai.

Masu sha'awar gasar kan ba da wannan lissafi don nishaɗi, su kuma yabi juriyar mutanen. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne waɗanda ba su shiga jerin ba. A shekarar 1958 kaɗai, bayan Musso, Peter Collins ya mutu a Jamus, Stuart Lewis-Evans ya ƙone a tseren Maroko ya rasu kwanaki bayan haka. Mike Hawthorn, wanda ya ci tseren Reims ya kuma ɗauki kambun shekarar, ya ajiye sana'ar, bayan kamar wata uku haɗarin mota ya kashe shi a kan titi a Ingila. Jim Clark, gwanin da ba a ja da shi a zamaninsa, ya tafi a 1968 yana da shekara 32. Jochen Rindt ya mutu a Monza a 1970, aka ba shi kambu yana kabari. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai iya zama gadar da ta haɗa zamani biyu, amma ajali ya riske su a bakin aiki. Hill ya shiga salsalar ne domin ya tsira, ba domin ya fi Clark iya tuƙi ba. Lauda ma saura ƙiris: a 1976 motarsa ta kama da wuta a Nürburgring, fuskarsa ta ƙone, hayaƙi ya lalata masa huhu, ya dawo tsere bayan mako shida.

Saboda haka tsawon zamanin direba abu ne da ake gina masa, kuma direbobin da kansu suka fara ginin. A 1966, a filin Spa na Beljiyam, motar Jackie Stewart ta kauce cikin ruwan sama, ya maƙale a ciki fetur na tsiyaya a jikinsa. Babu ma'aikatan ceto a kusa. Graham Hill da wani direba Ba'amurke ne suka ari sifana wurin wani ɗan kallo suka kwance sitiyarin suka zaro shi. Daga nan Stewart ya ɗaura ɗamarar neman shinge a gefen hanya, da likitoci, da motar asibiti ta gaske. An yi masa ba'a, an kira shi matsoraci. Amma ƙungiyar direbobin ta ƙaurace wa Spa a 1969, ta ƙi zuwa Nürburgring a 1970 har sai an gyara. Shi kansa Stewart ya bar tuƙi a 1973 yana da shekara 34, bayan abokin aikinsa François Cevert ya mutu a Amurka. Da Ayrton Senna da Roland Ratzenberger suka mutu a mako ɗaya a Imola a 1994, aka farfaɗo da ƙungiyar, aka sake fasalin motoci da filaye. A 2018 aka wajabta wani ƙarfe mai kare kan direba, kuma shi ya taimaki Romain Grosjean a Bahrain a 2020, lokacin da motarsa ta rabe biyu ta kama da wuta, ya fito da ƙafarsa. Fangio ya yi tsere 51 a gasar. Alonso ya haura 400. Gaskiya ne a da tseren shekara bai cika wuce 10 ba, yanzu ya kai 24, amma ko da shekaru aka auna, babu direban zamanin Fangio da ya daɗe a gasar kamar Alonso.

To me tsohon ke miƙa wa yaro? Tuƙi dai ba a koya wa waɗannan yara shi, tun suna shekara shida ko bakwai suke kan ƙananan motocin tsere, kuma kamfanoni na da kwamfutocin da ke kwaikwayon kowace kwana ta kowane fili. Abin da ake gada shi ne karatun hanya. Akwai labarin Fangio a Monaco a 1950. Ya fito daga wata kwana yana gaba, sai ya lura taron 'yan kallo ba shi suke kallo ba, duk sun juya masa ƙeya suna duban gaba. Ya ce a ransa ruwa ba ya tsami banza, ya taka birki. Da ya karyo kwana ta gaba sai ga motoci tara sun cakuɗe sun toshe hanya. Ya ratsa a hankali, ya ci tseren. Babu makarantar da ke koyar da wannan. Ana ɗaukarsa ne ta zama kusa da wanda ya sani: yadda yake tattalin taya, yadda yake magana da makanikai, yaushe yake haƙura da na biyu domin gobe. Prost ya shiga hannun Lauda yana fin sa sauri, ya fito ya iya lissafi, har aka yi masa laƙabi da farfesa. Lauda kuma, bayan ya tsufa ya zama babba a Mercedes, shi ya lallashi Lewis Hamilton ya koma can a 2013, inda ya ɗauki kambu shida.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. Kujerun gasar 20 ne kacal shekara da shekaru, sai a 2026 suka zama 22, don haka duk dattijon da ya ƙi tashi akwai saurayin da ya hana zama. Sannan wani gadon na jini ne da aljihu. Damon ɗan Graham Hill ya ɗauki kambu a 1996, Nico ɗan Keke Rosberg a 2016, Max Verstappen kuwa Alonso ya yi tsere da mahaifinsa Jos a 2001 kafin ya zo ya yi da shi. Waɗannan sun iya, babu musu. Amma abokin aikin Alonso a Aston Martin ɗan mai kamfanin ne, kuma kuɗin da ake kashewa kafin yaro ya kai ƙofar gasar ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Fangio yaron gareji ne a garin Balcarce. Hill bai sami lasisin tuƙi ba sai da ya kai shekara 24, kuma da aikin kanikanci ya shiga kamfanin Lotus. Da yau suka zo, da wuya a buɗe masu ƙofa. Salsalar tana nan, sai dai ƙofar shigarta ta ƙuntata.

Mai karatu a Sabuwa ko Faskari zai iya cewa wannan ai wasan Turawa ne, ina ruwanmu. Akwai lokacin da wasan ya zo har bayan gidanmu. Tseren Paris zuwa Dakar, da Thierry Sabine ya ƙirƙira, ya tashi karon farko ranar 26 ga Disamba, 1978, ya ratso Aljeriya ya shigo Nijar, ya bi ta Agadas da Yamai. Shekaru da dama Agadas ta zama zangon da ake hutawa, hamadar Tenere kuma ita ce wurin da ake rarrabe gwani da ɗan koyo. Jacky Ickx na Beljiyam, wanda ya yi tsere da Clark da Hill a Formula 1, shi ya ci na 1983, shekarar da guguwar rairayi ta ɓatar da 'yan tsere da yawa a Tenere. Stéphane Peterhansel ya fara a 1988 a kan babur, lokacin da Ickx ke cikin gasar, ya ci sau shida da babur, sau takwas da mota, na ƙarshe a 2021 a Saudiyya. Carlos Sainz ya ci na 2024 yana da shekara 61, a lokacin da ɗansa ke tuƙa wa Ferrari. Shi ma Alonso ya leƙa a 2020, ya zo na 13. A wajen baƙin, zaren bai tsinke ba.

A wajen masu ƙasa fa? Mutanen Ayar irin su Mano Dayak sun nuna hanya, makanikan Agadas sun yi gyara, 'yan kasuwa sun ci ribar 'yan kwanaki, wasu ƙauyuka kuma sun binne 'ya'yansu, kamar yarinyar da motar tsere ta kashe a Kita ta ƙasar Mali a 1988. A shekarar 2000 barazanar hari ta sa aka kwashe motocin da jiragen sama daga Yamai zuwa Libiya, aka tsallake hamadar Nijar. A 2008 aka soke tseren ɗungurungum saboda barazanar tsaro a Muritaniya, ya koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. Kusan shekara 30 yana ratsa Afirka, bai bar wa Agadas fili ko makaranta ko kamfanin da yaro zai shiga ya gaji wani ba. A Saudiyya kuwa, cikin shekara biyar da zuwansa, ɗan ƙasar, Yazeed Al-Rajhi, ya ci na 2025. Kuɗi sun taka rawa a nan, ba shakka. Amma rashin tsaro ne ya kori tseren daga Sahel, kuma wanda aka kora ba ya barin magaji. Namu na gida ma haka ya sha: tseren motocin da ake haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu ya kwanta tare da bikin kusan shekara goma, sai a 2020 aka dawo.

A Damari ta yankin Sabuwa ba a tseren mota. Akwai dai direbobi, kuma suna da salsalarsu da ta girmi ta Dakar. Yankin nan na masara ne da dawa da waken soya, kuma duk buhun da ya bar gona zuwa kasuwar Ɗandume ko Funtuwa, daga can zuwa Kano ko Kudu, a wuyan direba yake. Yadda ake zama direba sananne ne. Uba ya kai yaro wurin maigida a tasha ya ce ga amana. Yaron mota ya fara da wanki da ɗaure kaya da sa wa taya weji a hawa. Ya koyi duba mai da ruwan lagireto kafin a tayar da inji da asuba. Sai an ga hankalinsa a bar shi ya juya mota a cikin tasha, sai an daɗe kuma a ba shi sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya maigida na gefe yana kallon ƙafarsa a kan totur. Shekaru ake yi kafin a yaye shi. Wanda ya koya a kan Roka ko Fijo 404 ya koyar da wanda ya ja 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, shi kuma ya koyar da na J5, har aka iso zamanin Golf da Sharon. Ita wannan 504 ɗin ita ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, don haka direbanmu na tasha da ɗan tseren can irin ƙarfe ɗaya suka riƙe. Sana'ar tana da martabar da har Mamman Shata, wanda ya yi zaman Funtuwa mai tsawo, ya yi wa Bawa Direba waƙar da har yau ake sauraro.

Abin da yaron ke ɗauka a waɗannan shekaru shi ne ainihin abin da Fangio ya yi a Monaco. Tsohon direban hanyar Funtuwa zuwa Birnin Gwari, ko ta Sheme zuwa 'Yankara, in ya yi tafiyar 'yan mintuna bai ga mota ta taho daga gaba ba, zai sauka gefe ya jira, ko fasinja na surutu. Ya san ma'anar ƙyafta fitila da juya hannun wanda suka yi kiciɓis. Ya san ƙauyen da in ya ga ba yara a bakin titi, ba mai tallar gyaɗa, to akwai magana. Ya san gadar da ruwa ke cinyewa a Agusta, da kwanar da tirela ke shan hannun wani. Ya san lokacin da ake barin lodi a kwana a tasha a yi asarar ciniki. Makarantar koyon tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ke neman takardarta kafin a ba da lasisi tana da amfaninta, tana koyar da alamomin titi da doka. Wannan ɗaya ilimin kuwa a kujerar gefen direba kawai ake samunsa.

Ita ce salsalar da nake ganin tana tsinkewa. Tun kafin a kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, hanyoyin yankin sun riga sun zama abin tsoro. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta ce a zagaya ta Funtuwa, ba da jimawa ba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara. A farkon Fabrairun 2024, a kan hanyar Damari zuwa Sabuwa, aka tare 'yan rakiyar amarya aka shiga daji da mutum fiye da 50. A kowane irin wannan labari akwai direba, kuma ba a cika ambatonsa ba. Wani an harbe shi a kan sitiyari. Wani an sayar da motarsa an fanso shi, ya dawo ba jari. Wani ya duba 'ya'yansa ya mayar da lodinsa Zariya ko Kano. Dattijon da ya bar hanya yana da shekara hamsin ya tafi da shekara goma sha biyar na koyarwa da bai yi ba. Uba kuma ba zai kai ɗansa ya zama yaron mota a hanyar da ake ɗauke mutane ba.

Gurbin ba ya zama fanko, domin kaya dole su fita. Saurayi ya koyi babur cikin mako guda, ya yi acaɓa shekara biyu, ya sami mai ba shi Golf a kan balas na kullum, ya hau titi ba wanda ya taɓa zama gefensa. Sannan yanayin ya koya masa darasi ɗaya tak: gudu shi ne tsira. A wasu wuraren ma gaskiyarsa ce, wanda ya rage gudu a bakin daji shi ake tarewa. Amma ɗabi'ar ba ta tsayawa a bakin daji, tana biyo shi har cikin gari, da mutum huɗu a baya, biyu a gaba, wani a but. Ana zagin yaran nan da ganganci, ni kuwa tausayinsu nake ji, domin cikinsu akwai masu hannu ƙwarai. Wanda ya ga yadda wasu ke juya babur ranar ɗaurin aure ya san da a wata ƙasa aka haife su, da fili aka kai su da hular kwano da mai horarwa.

Na san bambancin da ke tsakanin misalan biyu, kuma babba ne. Abin da ke kashe direban Formula 1 inji ne da shinge, ana maganinsa da kuɗi da injiniyoyi. Abin da ke kashe namu mutum ne da bindiga, kuma ƙungiyar direbobi ba ta da maganinsa. Wannan nauyin hukuma ne, ko ta hanyar jami'an tsaro, ko ta sulhun da aka yi ta ƙullawa a ƙananan hukumomin yankin a 2025, wanda ɗorewarsa ce za ta nuna ƙimarsa. Amma ko gobe aka wayi gari hanya ta yi lafiya lau, ilimin da ya bar ta ba zai dawo da kansa ba, kuma wannan ɓangaren yana hannun 'yan sana'ar.

Ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda ke nan tun 1978, tana da reshe a kowace tasha. Ta san dattawan da suka ajiye tuƙi suna zaune a benci suna kamasho ko jiran a ba su na goro. Ta san yaran da suka karɓi mota bara. Babu abin da zai hana reshen Funtuwa ko Ɗandume ko Sabuwa ya ce sabon direba ba zai shiga layin lodi shi kaɗai ba sai ya yi wasu watanni da tsoho a gefensa, a kuma biya tsohon haƙƙinsa kamar yadda ake biyan malami. Babu abin da zai hana a rubuta sunan kowane yaron mota da na maigidansa da ranar da aka yaye shi, takardar ta zama abin da mai mota zai tambaya kafin ya miƙa makulli. Kamfanonin tsere suna biyan tsofaffin direbobinsu albashi mai tsoka don su zauna kusa da yara, ba don tausayi ba, sai don sun lissafa cewa ya fi sayen sabuwar mota araha. Masu motocin haya na yankinmu su ma sun san farashin Sharon a yau, kuma kuɗin tikitin da za a iya yankar ladan dattawan daga ciki ana karɓarsa kowace safiya a ƙofar tasha.